Bokitin Roba da Ruwan Kifin Ado: Yadda Za Ka Zaɓe Shi, Ka Wanke Shi, Ka Tsare Shi

Duk wanda ya ajiye kifin ado a tankin gilashi, ko da ɗan ƙarami ne mai cin lita 40 a kusurwar falo, ba shi da abokin aiki kamar bokiti. Da shi ake kwashe tsohon ruwa, da shi ake kawo sabo, a cikinsa ake wanke soson matata (na'urar tace ruwan tanki), a cikinsa kifi ke fakewa ranar da gilashi ya tsage. Shi ya sa sababbin masu kiwo ke yawan tambaya ko wannan bokitin roba na kasuwa, irin wanda ake wanka da wanki da shi, zai iya saka wa ruwa wani abin da zai cutar da kifi.

Amsata ita ce: sabon bokiti da aka yi da roba mai kyau ba ya cutar da kifi. Abin tsoro shi ne abin da bokitin ya taɓa ɗauka kafin ya zo hannunka, da abin da zai ɗauka a gidanka idan ba ka nan.

Na san haka ne ta hanya mai ciwo. Wata Asabar na canza wa kifayena ruwa da rana, kafin magariba 11 daga cikinsu sun mutu. Da na bi sawu sai na tarar an jiƙa kayan makarantar yara da omo a bokitin da safe, aka ɗauraye shi tas, aka kife shi a inda na saba ajiyewa. Wadda ta yi hakan ba ta yi laifi ba, don ban taɓa gaya wa kowa cewa bokitin ya bambanta da sauran ba. A ido fes yake, a hanci ma babu komai.

Dalilin da ya sa ɗan abu kaɗan ke yin wannan ɓarna shi ne, kai shan ruwa kake yi, shi kuwa kifi numfashi yake yi da shi dare da rana. Jan naman nan da ke ƙarƙashin murfin kumatunsa fatarsa siririya ce ƙwarai, jini na gudana dab da ruwa domin ya ɗebi iska. Sabulu da omo suna ƙona wannan wuri, suna kuma wanke yauƙin da ke kare jikinsa daga cuta. Sannan tanki ba kogi ba ne. Abin da ya faɗa Kogin Haɗeja ruwa zai tafi da shi, amma abin da ya shiga tankin lita 60 yana nan har sai ka fitar da shi da hannunka.

Mataki na farko: a kasuwa, kife bokitin ka duba gindinsa

Kafin ka tambayi kuɗi, juya bokitin. A ƙasan kayan roba da yawa akwai wata alama mai kusurwa uku da lamba a tsakiya, daga 1 zuwa 7. A Amurka aka fito da tsarin a 1988 domin masu sake narka roba su riƙa rarrabe ta. Lambobin da kake nema biyu ne: 2, wadda ake rubuta HDPE a ƙarƙashinta, da 5, mai harufan PP. Da waɗannan ake yin yawancin bokitai da mazuban abinci, ba sa narkewa a ruwa, kuma ba a sa musu sinadarin BPA da mutane ke jin tsoro wajen haɗa su. Lamba 4 ma ba ta da matsala, sai dai an fi yin leda da murafe masu laushi da ita. Ka kauce wa lamba 3, musamman mai laushi, saboda sinadaran da ake zuba mata don ta lanƙwasu suna iya fita a hankali. Lamba 7 kuwa tarkace ce, duk robar da ba ta shiga sauran shida ba nan ake jefa ta, don haka ba ta gaya maka komai.

Lambar tana faɗin irin robar ce kawai. Ba ta ce sabuwa ce ba, ba ta ce an yi ta don abinci ba. Idan ka ga hoton kofi da cokali mai yatsu a gefenta, wannan ce shaidar an yi mazubin don abinci, kuma shi ya fi kwanciyar hankali.

To amma duk wanda ya taɓa zaga layin 'yan roba a Kasuwar Sabon Gari ta Kano ya san bokitai da yawa ba su da wata lamba ko kaɗan. A nan sai ka yi aiki da ido da hanci. Ɗauki fari, ko wanda haske ke ratsawa, ko mai launi guda mai haske wanda cikinsa ke da santsi. Sa hancinka ciki. Ɗan ƙanshin sabuwar roba ba komai ba ne, zai tafi. Amma warin ƙonanniyar taya, ko na kalanzir, ko wani kauri mai hawa kai, ajiye shi.

Baƙin bokiti mai araha, mai ɗigo-ɗigo da kaushi a jiki, shi nake so ka fi kiyaya. Galibi daga robar da 'yan jari-bola suka tattaro ake yin sa, a niƙa, a narka, a zuba baƙin launi ya rufe bambancin kalolin. Wannan sana'a ce mai amfani, tana rage shara, kuma bokitin ya isa aikin gini da ban ruwan shuka. Sai dai babu wanda zai iya gaya maka ko a cikin abin da aka narka akwai jarkar maganin feshi, ko ƙwaryar tsohuwar talabijin da aka sa wa sinadarin hana kama wuta. Bambancin kuɗinsa da na mai kyau bai kai kuɗin kifi biyu ba. Araha ba ta ado.

Abubuwa biyu kuma ka bar su a kanti: bokitin mofa wanda aka rubuta cewa yana kashe ƙwayoyin cuta, domin maganin a cikin robar yake, da bokitin ƙarfe mai rufin tutiya, domin tutiya na narkewa a ruwa kuma guba ce ga kifi.

Game da girma, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Bokitin lita 20 idan ya cika kilo 20 ke nan, kuma za ka ɗaga shi har bakin tanki. Na fi son mai lita 10 zuwa 15, mai ƙaƙƙarfan hannu. Gara ka yi sawu biyu da ka ji wa bayanka ciwo ko hannun ya tsinke a tsakiyar falo. Ka sayi guda biyu, zan faɗi dalili a gaba.

Mataki na biyu: idan tsohon bokiti ne a hannunka

Tambaya ɗaya ce: me ya taɓa zama a ciki? Idan ba ka sani ba, an gama magana, ba na kifi ba ne.

Bokitin kastad ya fi kowanne sauƙi, tunda gari ne ya zauna a ciki, ruwan ɗumi ya isa ya fitar da shi. Bokitin bota da ake samu a gidajen burodi robarsa mai kyau ce, amma maiƙo na da naci, kuma ba za ka sa sabulu ba, sai ka yi ta dirza da ruwan zafi da gishiri har yatsa ya daina zamewa a jikinsa.

Bokitin fenti shi ne jarabawa, don ga ƙarfi, ga murfi, ga shi kusan kowane gida akwai. Na san masu amfani da shi shekara da shekaru ba su ga komai ba. Duk da haka ba na ba da shawararsa. Fentin ruwa ana zuba masa maganin hana ruɓewa da hana fumfuna, waɗannan kuwa masu illa ne ga halittun ruwa, sannan busasshen fenti na maƙalewa a lungun baki da gindi inda soso ba ya kaiwa.

Wanda ya taɓa ɗaukar fetur, gas, kalanzir, baƙin mai, maganin ciyawa ko fiya-fiya, wannan babu wankin da zai gyara shi. Roba tana shan irin waɗannan abubuwa cikin jikinta, ta riƙa sakin su kaɗan-kaɗan. Ka tuna jarkar da aka taɓa zuba wa kalanzir, ko bayan wata nawa ka buɗe ta sai ka ji. Haka dokar take ga tiyo: wanda aka taɓa zuƙar mai da shi daga janareta kada ya kusanci tanki.

Mataki na uku: wankin farko

Babu sabulu, babu omo, babu ruwan wanke-wanke. Ba yau kaɗai ba, har abada.

Ɓare takardar da aka manna, ka kankare ragowar gam ɗin. Zuba ruwan zafi wanda hannu zai iya jurewa, ka watsa gishiri cikin tafin hannu guda, ka dirje ciki da baki da hannun bokitin da sabon soso wanda bai taɓa ganin sabulu ba. Kada ka sa soson ƙarfe, yana yin zane, datti kuma a zane yake ɓuya. Gishirin aikin dirza yake yi kawai. Kanwa da toka kada su shigo nan, suna sauya yanayin ruwa. Ɗauraye sau uku.

Daga nan cika shi da ruwa, rufe, bar shi ya kwana ya yini. Washegari ka duba abu uku. Sunsuna ruwan. Kalli samansa ta gefe a cikin haske ko akwai maiƙo mai walƙiya kamar bakan gizo. Sannan ɗebi rabin gorar ruwan sha mai tsabta, rufe, girgiza da ƙarfi. Kumfar ruwa zalla tana fashewa nan take, idan ta tsaya tana taruwa a sama, akwai sabulu ko wani abu makamancinsa. Bokitin da ruwansa ya sauya launi ko ya ɗauki wari bayan jiƙo biyu, ba wa masu ban ruwan fulawa. Wannan gwaji yana kama babbar matsala ne kawai, ba zai nuna maganin ƙwari ba, shi ya sa sanin tarihin bokiti ya fi kowane gwaji.

Akwai lokaci guda da bilic ke da amfani: bayan ka ajiye kifi mara lafiya a bokitin. Sai ka sami bilic zalla, wanda ba a sa wa turare ko sabulu ba, ka haɗa kofi 1 da kofi 19 na ruwa, ka bar shi minti 15. Zubar, ɗauraye sosai, cika da ruwa ka ɗiga maganin kashe kulorin (sinadarin da ke cikin bilic da ruwan famfo), zubar, sannan ka bar shi ya bushe ƙarau har warin ya ɓace. Farin dattin da ruwa mai gauri ke bari a jiki kuwa binega ke cire shi. Kada ka taɓa haɗa bilic da binega, iskar da suke fitarwa tana cutar da huhun mutum.

Mataki na huɗu: tsare bokitin daga mutanen gida

Wannan ya fi duk sauran wuya, kuma a nan yawancinmu ke faɗuwa. A gidajenmu bokiti ba shi da mai shi. Wanda ya fara gani shi ke ɗauka, na wanka ya koma na wanki, na wanki ya tafi maƙwabta aro ranar suna. Bokiti mai tsabta da aka kife a gefe kuwa shi ido ke fara kaiwa.

Rubuta KIFI da manyan baƙaƙe a jikinsa ta waje, ta kowane ɓangare, har da murfin. Ɗaura jan ƙyalle a hannunsa saboda ƙananan yara da waɗanda ba sa karatun boko. Sannan ka zauna da uwargida, da yara, da mai aiki idan akwai, ka faɗi dalili, kada ka tsaya a "kar a taɓa". Ni abin da na ce shi ne: "Maman yara, wannan ko sau ɗaya omo ya shiga, kifin nan duka za su mutu, ko an ɗauraye." Tun daga ranar ita ke hana kowa. Idan kuma a gidan iyaye kake, ka roƙi Hajiya alfarma ta sanar da ƙannenka, maganarta ta fi taka shiga.

Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce, ranar da na sayo na kifi na haɗo wa gida sabon bokiti wanda ya fi shi girma da kyau. Wanda ke da nasa ba ya neman naka. Kuma ka ce musu idan an yi kuskure a faɗa maka, ba za ka yi faɗa ba. Bokitin da aka gaya maka ya sha omo asarar kuɗin bokiti ce kawai.

Ajiye shi a kife, a ɗaki ko cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashin tanki, nesa da banɗaki da wurin wanki. Kada ya zauna a buɗe a ɗakin da ake fesa maganin sauro ko kunna na hayaƙi. Sinadaran da ke cikin yawancin waɗannan magunguna suna da tsananin guba ga kifi, kuma suna sauka a kan duk abin da ke buɗe. Tankin kansa ka rufe shi, ka kashe famfon iska, wato na'urar da ke hura wa ruwan tanki iska, kafin a yi feshi, sai ɗakin ya sha iska ka kunna. Hannunka ma mazubi ne: man shafawa, turare da ragowar sabulu duk suna bin sa. Ɗauraye shi da ruwa zalla har gwiwar hannu kafin ka fara.

Amfanin bokiti biyu shi ne ɗaya na sabon ruwa, ɗaya na tsoho da datti da kifi mara lafiya. Rubuta a jikin kowanne.

Mataki na biyar: ruwan da za ka zuba a ciki

Sau da yawa ana ɗora wa bokiti laifin ruwa. Ruwan famfo na hukuma ana sa masa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, alheri ne ga mutum, amma yana ƙona wurin numfashin kifi, yana kuma kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a matata. Idan ka bar ruwan a buɗe awa 24 zuwa 48, musamman da famfon iska a ciki, kulorin zai fice. Akwai wani nau'in da ake haɗawa da amoniya, ana ce masa kuloramin, shi ba ya fita da ajiya. Saboda haka abin da ya fi aminci shi ne 'yar kwalbar maganin kashe kulorin da masu sayar da kifin ado ke da ita. A cikin bokiti ake ɗigawa, gwargwadon abin da aka rubuta a jiki, kafin ruwan ya shiga tanki.

Ruwan burtsatse ba shi da kulorin, amma yana fitowa daga ƙasa da ƙarancin iska, wani kuma da ƙarfe a narke, wanda za ka ga ya yi ja bayan ya kwana. Bar shi ya kwana da famfon iska, ka tsiyaye na sama. Idan daga 'yan garuwa kake saye, tambayi mai kawo maka daga ina yake ɗebowa, ka kuma tsaya a kan mutum ɗaya da ka san jarkokinsa. Ruwan da aka sa wa alif don ya kwanta kada ka ba kifi. Ruwan sama na farkon damina ma ka bar shi ya wuce, wankin rufin kwano ne da ƙurar rani.

Sai zafi. Yawancin kifayen ado na ƙasashe masu zafi suna son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 28. A watan Afrilu ruwan da ya sauko daga tankin sama da rana ta dafa yana iya ƙona hannu, a hunturu kuma bokitin da ya kwana a tsakar gida ya yi sanyi ƙarara. Ko wanne ka juye wa kifi kai tsaye zai gigita shi. Ajiye bokitin a ɗaki guda da tankin ya kwana, da safe ka auna da ma'aunin zafi, kada bambancin ya wuce digiri 2. Rufe shi da tsumma mai tsabta ko raga saboda ƙura da sauro, kuma kada ajiyar ta wuce kwana biyu ko uku.

Ina roƙon ka da babbar murya: bokiti mai ruwa kada ya zauna inda yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya zai kai. Kan yaro yana da nauyi sosai idan aka kwatanta da jikinsa, idan ya leƙa ya kifa ciki ba zai iya fitowa ba, kuma ba a jin ƙara. Rufe ƙofa, ko ka ɗora shi a inda hannunsa ba ya isa.

Mataki na shida: ranar canjin ruwa

Tun farko ka auna bokitinka da gorar lita ɗaya, ka ja layi ta waje a lita 5, 10 da 15. Zai taimake ka wajen auna magani. A mako ana canza kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na ruwan. Tankin lita 60, rubu'insa lita 15 ke nan.

Kashe wutar na'urorin tanki. Ajiye bokitin datti a ƙasa, ka cika tiyo da ruwa, toshe bakinsa da yatsa, sa ɗaya bakin a tanki, saki ɗayan a bokiti. Ba sai ka zuƙa da baki ba, ruwan tanki na ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke iya kama mutum. Bi tsakuwar ƙasa da bakin tiyon ya kwashe kashi da ragowar abinci. Kafin ka zubar, bari ruwan ya natsu ka leƙa, 'ya'yan kifi kan bi tiyo ba ka sani ba.

A cikin wannan tsohon ruwa za ka matse soson matata, sau biyu ko uku, ba a bakin famfo ba. Ƙwayoyin da ke cikin soson su ke mayar da amoniyar kashin kifi zuwa abin da ba ya kisa, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu a sabon tanki. Ruwan dattin ka kai wa zogale ko fulawa, taki ne, in dai ba ka sa masa gishiri ko magani ba.

Sabon ruwa a zuba shi a hankali, da kofi ko a kan faranti, don kada ya tayar da ƙasa.

Idan kifi zai zauna a bokitin

Na ɗan lokaci ne, kamar ranar ƙaura ko gyaran gilashi. Zuba ruwan tankinsa, kada ya wuce rabi ko kashi biyu cikin uku, sa famfon iska, rufe da raga domin kifin da ya firgita yana tsalle, tarwaɗa kuwa ta fi kowa. Ajiye a inuwa. Kada ka ba shi abinci a ranar, tunda babu matata, ruwan zai ɓaci da wuri. Idan zaman ya wuce kwana ɗaya, canza wani ɓangare na ruwan kullum. Hitar dafa ruwan wanka kada ta shiga wannan bokiti ko kusa.

Idan ka ga alamar guba

Ruwa ba ya tsami banza. Idan cikin awa ɗaya ko biyu bayan canjin ruwa kifaye suka taru a sama suna haki, ko suna zabura suna bugun gilashi, ko suka naɗe fukafukansu, ko ka ga kumfa ta tsaya a saman ruwa, kada ka tsaya bincike. Nemi wani mazubin da ka tabbatar da shi, ko da sabuwar robar abinci ce, ka canza rabin ruwan da wanda aka kashe wa kulorin kuma zafinsa ya yi daidai. Ƙara iska. Idan kana da gawayin tace ruwa na masu kifi, sa shi a matata, ban da gawayin girki. Bayan 'yan awanni ka sake canza wani rabin idan ba su natsu ba. Kada ka ba su abinci sai washegari. Bayan an tsira sai ka tambayi mutanen gida cikin lumana ko an taɓa bokitin.

Bokitin da ya sha sabulu sau ɗaya, na fi son a mayar da shi na wanki a sayo wani. Haka wanda rana ta ci har launinsa ya koɗe, yana barin farin gari a yatsa ko yana tsagewa a baki, domin wannan robar ta fara ruɓewa, wata rana gindinsa zai ɓalle da ruwa a ciki. Kafin ka miƙa shi ga mutanen gida, goge rubutun KIFI da ke jikinsa, ka kwance jan ƙyallen ka ɗaura wa sabon.